Lafazi, adadi da izini: tarihin wurdi a ƙasar Isawan bisa madubin mantara ta Indiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa ya san cewa dare ba ya yin tsit da wuri a can. Bayan magariba akan ji almajirai kewaye da wuta, kowa na rera abin da ke kan allonsa. A gefen masallaci kuma dattawa sun yi da'ira suna wazifa, murya tana hawa tana sauka. A da, har yanzu ma jefi-jefi, daga wani gida a bayan gari akan jiyo goge da ƙwarya suna kiran iskoki. Waɗannan muryoyi ba su jituwa da juna, amma abu guda ya haɗa su, wato maimaita wasu kalmomi sanannu, da wani irin sauti, a wani lokaci da aka ƙayyade, bisa imanin cewa furta su yana aikata wani abu a duniya ko a lahira.

A cikin wannan ƙasida muna so mu bi tarihin wannan al'ada a yankin Isawan (Issawane a rubutun Faransanci), gundumar karkara da ke cikin Mayahi a jihar Maraɗi, wadda hanyoyinta da kasuwancinta suke kallon Tasawa. Ƙauye ba ya ƙirƙiro wurdinsa shi kaɗai. Daga Katsina, Kano, Sakkwato, Fas da Kaulaha ake kawo masa, saboda haka dole ne mu riƙa fita daga Isawan muna komowa. Za mu kuma ɗauki mantara ta mabiya addinin Hindu a matsayin madubi. Ba muna nufin daidaita aƙidu ba ne, domin tauhidi daban, bautar alloli daban. Dalilinmu shi ne, malaman Indiya sun share fiye da shekara 2000 suna muhawara a kan tambayoyin da suka raba masallatai a ƙasar Maraɗi cikin ƙarnin da ya wuce: shin kalma tana aiki ko da mai furta ta bai san ma'anarta ba, sau nawa ya kamata a faɗe ta, kuma wa ke da ikon ba da ita.

Abin da ake kira mantara

Mantara kalma ce, ko jimla, ko baiti, galibi cikin harshen Sanskirit, wadda ake maimaitawa don ibada. Mafi tsufa daga cikinsu suna cikin littattafan Veda. Na farkonsu, Rigveda, ya ƙunshi waƙoƙi 1028 a cikin kashi 10, kuma masana sun kiyasta an tsara shi wajen shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. An daɗe ƙwarai ana riƙe da shi a ka kafin a rubuta shi. Wadda ta fi shahara a ciki ita ce Gayatri, baiti ne ɗaya a kashi na 3, wanda ake laƙƙana wa yaro a kunne ranar da aka rataya masa zaren tsarki, ya riƙa karantawa da fitowar alfijir da faɗuwar rana.

Bahaushe zai fi Bafaranshe saurin gane abin da ya sa Barahamawa, wato malaman gado na Indiya, suke tsananta wa lafazi. Sanskirit na Veda yana da karin sauti, hawa da sauka, kamar yadda Hausa ke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Suna da wani tsohon labari na wani ubangida a cikin allolinsu mai suna Tvashtar, wanda ya so ya sami ɗan da zai kashe Indra, sai ya kuskure karin kalma guda a cikin addu'arsa, ma'anar ta juye, aka haifi ɗan da Indra ne zai kashe shi. Don gudun irin wannan suka tsara hanyoyin hadda masu ban mamaki: a karanta baiti a jere, a sake shi kalma-kalma, a sake shi bibbiyu, a yi gaba a dawo baya, ta yadda harafi ɗaya ba zai salwanta ba. Hukumar UNESCO ta sa wannan karatu cikin jerin gadon ɗan'adam a 2003.

Wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Tasawa ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya haddace izu bayan izu bisa ruwayar Warshu, kuma yana iya kai izu 60 bai fara fassara ba. Fassara karatun manya ce, a zaure ake yin ta, bayan sauka. Alaramma zai yafe wa ɗalibi rashin sanin ma'anar aya, amma ba zai yafe masa wasali guda da ya karkace ba.

Sai batun ƙidaya. Ƴan Hindu suna jan carbi mai ƴaƴa 108, kuma littafin dokokin Manu ya fifita wurdin raɗa a kan na bayyane, ya fifita na zuci a kan na raɗa. Mu ma muna da jahari da sirri. Na uku shi ne izini: a wurinsu mantarar da mutum ya tsinta a littafi ba ta kai wadda ya karɓa daga bakin malaminsa ba. A nan ma duk mai neman laƙani ya san cewa ba a jan wurdi ba da izini ba, har akan ce wanda ya yi gaban kansa yana iya taɓuwa.

Kafin ɗariƙu: kalmomin Anna da na bori

Ƙasar da Isawan take ciki ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Tasawa ta zauna tsakanin ikon Katsinawan Maraɗi da na Damagaram, kowanne yana ja. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairu na 1851, ya iske gari mai kasuwa a kan hanyar ayarin Abzin zuwa Kano. Sarakunan waɗannan ƙasashe Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, amma ba su raba gari da al'adun iyaye ba. A fadar Maraɗi Iya ce ke shugabantar bori, a ta Gobir kuwa Inna.

A karkara akwai Anna, ko Azna, manoma da mafarauta masu gadon tsafi. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi kuma ya buga babban littafinsa a 1975, ya bayyana yadda kowace zuriya take da nata iskoki, da nata dabbar yanka mai launi na musamman, da kalmomin da magajin gida ke faɗa a gindin jigo, da kuma bukukuwa irin su buɗin daji. Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma ta rubuta a kan borin wannan yanki a 1972. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a bori kowane iska yana da taken da ake kaɗa masa da kirarin da ake yi masa, kuma ba ya sauka a kan dokinsa sai an kama nasa daidai. Taken Doguwa ba ya kiran Ɗan Galadima. Mai goge da ya rikita su bai iya aikinsa ba. Ke nan sharaɗin lafazi yana nan, sharaɗin izini ma yana nan, domin ba a zama ɗan bori sai an yi girka, ba a kuma yanka a jigo sai an gada.

Bambanci guda muka gani, kuma a ganinmu babba ne. Waɗannan kalmomi da Hausa suke, Hausa tsohuwa mai duhu a wasu wurare, amma dai harshen gida. Babu carbi a cikinsu, ba a ƙirga su. Ana maimaita kirari har iska ya sauka, daga nan an gama. Ƙidaya da harshen nesa duka tare da malamai suka shigo.

Malamai, Ishiriniya da Dala'ilu

Ba jihadi ne ya kawo yabon Annabi ƙasar Katsina ba. Tun ƙarni na 17 Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta sharhi a kan Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230. Idan har malami ya ga bukatar yin sharhi, to littafin ya riga ya zagaya hannun ɗalibai. Ishiriniya, a cikin tahamisin Ibn Mahibu, ita ce ta zama waƙar watan Maulidi a zaurukan ƙasar Hausa, ana rera ta dare bayan dare, wani ya ja baiti jama'a su amsa. Kusa da ita akwai Burda ta Busiri, da Dala'ilul Hairati na Jazuli, mutumin Maroko da ya rasu a 1465, wanda aka kasa shi kashi-kashi don a sauke shi cikin mako.

Larabcin Ishiriniya mai tsauri ne, har malamai sukan yi amfani da ita wajen koyar da lugga. Mafi yawan masu amshi ba su fahimtar baitocin filla-filla. Duk da haka akan ga tsoho yana hawaye. Wannan shi ne wurin da tsohuwar muhawarar Indiya take da amfani. A cikin littafin Nirukta na Yaska, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, an kawo ra'ayin wani malami mai suna Kautsa, wanda ya ce mantarorin Veda ba su da ma'ana, tunda ba a yarda a sauya kalma da mai kama da ita ba, ko a juya jerinsu. Yaska ya mayar masa da cewa laifin mai jahiltar ma'ana ne, ba na baitin ba. A zamaninmu Frits Staal, masani ɗan ƙasar Holan, ya farfaɗo da ra'ayin Kautsa a littafinsa na 1989. Mu dai ba mu tare da Staal gaba ɗaya. Tsohon da ke kuka a zauren Ishiriniya ya san wa ake yabo, ya san abin da yake fata, ko da bai san fi'ili da fa'ili ba. Ma'anar tana cikin zaman, ba a cikin ƙamus kaɗai ba.

Su kansu shugabannin jihadi sun ga wannan giɓi, shi ya sa suka yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne mai wurdi, kuma ƴarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara ƴan taru, mata masu kai waƙoƙin karantarwa ƙauyuka. Iyakar siyasa ba ta tare waƙa. Daga baya Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, ta bi bakin almajirai da makafi masu bara ta shiga kasuwannin arewa da kudancin iyaka. Amma a lura, waƙar Hausa ta tsaya a matsayin wa'azi da bege. Ba ta taɓa hawa matsayin wurdi ba. Abin da ake ƙirgawa da carbi ya ci gaba da zama Larabci.

Tijjaniyya da rikicin ƙidaya

A Tijjaniyya ne adadi ya kai matuƙa. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi a 1737 ya rasu a Fas a 1815, ya bar wa mabiyansa tsari mai iyaka. Lazimi, safe da yamma, mutum shi kaɗai: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wazifa, sau ɗaya a yini aƙalla, an fi so a cikin jama'a: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ranar Juma'a bayan la'asar kuma a yi zikiri har faɗuwar rana. Idan an zo Jauhara akan shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar da'ira, kuma ba a karanta ta da taimama, sai da alwalar ruwa. Wanda bai samu ruwa ba ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. A ƙasar da mata ke kwana a bakin rijiya da rani, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Ko carbin Batijjane an yi masa shaidu a kan 12 da 30 da 50 don yatsa ya san inda zai tsaya. Duk wannan kuwa ba ya halatta sai an karɓa daga muƙaddami, shi ma daga nasa, har silsila ta kai ga Shehu.

Alhaji Umaru Futi ya zauna Sakkwato shekaru da dama cikin shekarun 1830, ya auri ƴar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bar almajirai. Amma ɗariƙar ta daɗe tana hannun malamai da fatake ƙalilan.

Faransawa sun shigo wannan yanki da jini. A Yulin 1899 ne ayarin Voulet da Chanoine ya ƙare a ƙasar Tasawa: aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga wata, su biyun kuma sojojinsu suka kashe su a wajejen Maijirgi kwanaki kaɗan bayan haka. Tasawa ta zama mazaunin kumandan har 1927, lokacin da aka mayar da shi Maraɗi. Ma'aikatan mulkin mallaka suna buɗe wa kowane malami sananne takardar bayani: ɗariƙarsa, wanda ya ba shi wurdi, yawan almajiransa, inda yake tafiya. Daga irin waɗannan takardu Paul Marty ya tsara rubutunsa a kan Musulunci da ƙabilun Nijar a farkon shekarun 1930. Abin dariya, abin kuma takaici, shi ne yadda Nasara ya koma mai ƙirga carbin mutane. A Nioro, cikin Mali ta yau, Shehu Hamahullahi ya tsaya a kan cewa Jauhara 11 ce, ba 12 ba. Faransawa suka raba Tijjanawa gida biyu a cikin rahotanninsu, «onze grains» da «douze grains», suka ɗauki na farko maƙiya. An yi ta kai Hamahullahi gudun dole, har ya rasu a Montluçon ta Faransa a 1943. Ba shakka akwai siyasa da gabar gidajen malamai a ƙarƙashin lamarin, amma ƙwayar carbi guda ce aka sa a gaba, kuma mutane sun mutu a kanta.

Canjin da ya kai wazifa ƙauyuka irin na Isawan ya zo ne da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha (1900-1975), wanda ya yi shelar faila a 1929. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga baya ya riƙa ziyartar Kano, inda malamai da attajirai suka karɓe shi. Faila ta sauƙaƙa tarbiyya, ta buɗe ta ga ɗan kasuwa da manomi da mace, ta kuma fito da zikiri fili da babbar murya. Lokacin ya dace da bunƙasar cinikin gujiya, da ƴan ci-rani da almajirai masu tafiya Kano, Katsina da Zariya da kaka su komo da bazara. Da yawa sun komo da izini a baki da hoton Shehu a aljihu. A yammacin Nijar kuma Shehu Abubakar na Kiyota, surukin Inyas, wanda ya rasu a 2004, ya mayar da garinsa cibiyar Maulidi.

A nan madubin Indiya yana nuna wani abu mai kama. Karatun Veda ya daɗe a hannun Barahamawa maza, an hana shi mata da ƴan ƙasan al'umma. Sai ga Caitanya (1486-1534) a Bengal ya fito titi da ganguna da kuge, yana cewa kiran sunan Krishna ya wadatar, kowa ya zo. Malaman gado suka ce hayaniya ce. Haka aka ce wa ƴan faila. A gabashin lardin Sakkwato, wajejen Gusau, Ƙaura Namoda da Isa, an yi rigingimu a 1949 da 1956 tsakanin hukumar gargajiya da waɗanda ake kira ƴan wazifa, a kan masallatai, da ɗaga murya, da ƙabalu da sadalu. Ƙadirawa ma ba su zauna ba: Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya yaɗa zikiri da bandiri da maukibi a titunan Kano.

Bari mu ɗan ratse, tunda muna maganar Indiya. Finafinan Indiya sun shiga silimomin ƙasar Hausa tun shekarun 1950, kuma Brian Larkin ya nuna yadda wasu ƙungiyoyin mawaƙan bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, suke ɗaukar karin waƙar fim su ɗora masa yabon Annabi da Hausa. Kaset ya kai waɗannan waƙoƙi kasuwannin Maraɗi da Tasawa. Wato sautin Indiya ya riga wannan ƙasida isa yankin, sai dai ta ƙofar bege ya shiga, inda ake da ƴancin sauya kari. Ba wanda ya taɓa gwada shi a kan wazifa.

Tambayar hujja

Sabuwar tambaya ta zo ta rediyo. Manomin da ke da akwati a Mayahi yana kama Kaduna, kuma a can ne Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, yake tafsiri da Hausa. A 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki ɗariƙu kai tsaye. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris. Cikin shekarun 1980 ra'ayin ya kama a Maraɗi, musamman tsakanin matasan ƴan kasuwa. A zamanin Seyni Kountché ƙungiyar addinin Musulunci guda ce gwamnati ta yarda da ita, wadda aka kafa a 1974, amma bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƴan Izala suka sami ƙungiyarsu ta ADINI-Islam.

Inda aka fi gwabzawa shi ne Salatul Fatihi. A cikin Jawahirul Ma'ani na Aliyu Harazimi an ruwaito mata falala mai yawa, har an kwatanta ladan karanta ta sau ɗaya da na saukar Alƙur'ani sau 6000. Ƴan Izala suka ce wannan fifita maganar da ba ta cikin hadisi ne a kan maganar Allah. Malaman Tijjaniyya suka amsa cewa zancen lada ake, ba na daraja ba, kuma ladan nan na wanda ya karɓa da izini ne, ya kuma gaskata asalinta. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kan ƙarfin kalma ba, ba su kuma yi a kan ƙidaya ba. Ɗan Izala ma yana tasbihi 33 bayan kowace salla, yana da azkar na safiya da maraice masu adadi. Saɓanin yana kan tushen izini: shin silsilar shehunai ce ke halatta wurdi, ko isnadin hadisi? Shi ma isnadi silsila ce ta mutane, sai dai tana cikin littafi, kuma wanda ya iya karatu yana iya duba ta ba tare da ya durƙusa gaban kowa ba. A ganinmu wannan ne ya ja matasa fiye da kowace hujja ta tauhidi. Yaron da ya yi lakwal ko Islamiyya, ya sami ɗan jari, yana so ya daina cire takalmi tun daga ƙofar zaure.

Indiya ta ga irin wannan. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa Arya Samaj a Bombay a 1875, ya yi kira a koma ga Veda kaɗai, a bar abin da aka ƙara daga baya, a koyar da ma'ana, a kuma bar mata da kowane jinsi su karanta Gayatri. Masu gyara a ko'ina suna rage yawan kalmomi masu tsarki, su faɗaɗa yawan masu ikon furta su. Gumi ya fassara Alƙur'ani da Hausa, Nasiru Kabara ma ya yi tasa fassarar, kuma yau ƙaramin littafin addu'o'in nan Hisnul Muslim yana yawo da fassarar Hausa a gefen Larabci. Har masu kare ɗariƙa sun koma kafa hujja da aya da hadisi a cikin wa'azinsu. Ta wannan fuska Izala ta sauya abokan hamayyarta, ko da ba ta rinjaye su ba.

Kuɗin da aka biya ba kaɗan ba ne. A garuruwa da ƙauyuka da dama na jihar Maraɗi an wayi gari da masallatai biyu a unguwar da ɗaya ya ishe ta. Ɗa ya ƙi bin ubansa salla, an yi jayayya a kan gawa saboda sadakar uku da bakwai da arba'in, an fasa aure. A ƙauye, inda gandu ɗaya ne da rijiya ɗaya, irin wannan rabuwa ta fi ciwo fiye da birni. Da wucewar shekaru zafin ya ragu a wurare da yawa, mutane suka koyi zaman haƙuri, kowa da masallacinsa amma ana haɗuwa a suna da jana'iza.

Waɗanda ba su sami wannan sulhu ba su ne masu tsoffin kalmomin Hausa. Batijjane da ɗan Izala, duk da gabarsu, sun haɗu a kan cewa jigo da goge shirka ne. A tarzomar da aka yi a Maraɗi a Nuwamban 2000, don ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, wuraren ƴan bori suna cikin waɗanda aka auka wa, tare da mashaya da majami'u. Amma ba tarzoma ce ta fi cin su ba. Gado ne ya yanke. Magajin da ya musulunta sosai ba ya karɓar kalmomin yanka daga ubansa, uban kuma ba ya faɗa wa bare, domin ba su aiki a bakin wanda bai gada ba. Sharaɗin izinin da ya tsare su shekaru aru-aru shi ne yake binne su tare da masu su.

Wurdin Larabci kuwa ya sami sabbin motoci. Wazifa da Ishiriniya da karatun alarammomi suna cikin katin wayar salula, ana tura su daga waya zuwa waya a kasuwar mako. Carbin roba ya maye na itace, ga kuma ɗan ƙaramin na'urar ƙirge da ake sawa a yatsa, wadda direba da mai shago ke latsawa suna hira. Irin wannan na'ura ce mabiya Krishna suke amfani da ita idan ba su riƙe da carbinsu, su da ƙungiyarsu ta ISKCON, wadda aka kafa a New York a 1966, ta ɗora wa kowane mai izini zagaye 16 na ƴaƴa 108 a kullum. Ɗalibin da ke son lafazin Jauhara zai same shi cikin minti guda. Wanda ke son kalmomin buɗin daji na ƙasar Mayahi kuwa, sai ya nemi ragowar tsofaffin da suka yarda su yi magana, ko ya tafi Yamai ya saurari faya-fayan da ke ajiye a IRSH da CELHTO, ko ya buɗe littafin Nicolas ya karanta abin da aka ji a kwarin Maraɗi, cikin fassarar Faransanci.